Ni Na Rushe Zauren Alhaji Bawa

Zauren Alhaji Bawa ne aikin farko da maigidana ya bari na ɗora hannu a kai, kuma ni ne na zo na rushe shi da hannun nan da kuke gani. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, tunda ɗazu na ji ɗayanku yana cewa wai gini ba wani abu ba ne, a ja zare, a zuba kwaɓi, a jera bulo, da yamma a wanke hannu. Sannu gwani! Ni Haladu na haura shekara arba'in ina gini tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa, har Babura na yi aiki, amma har yau ban isa in buɗe baki in faɗi wannan maganar ba.

Malam Tanko, mutumin Roni, shi ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa. Shekara uku ina ƙarƙashinsa bai bar ni na taɓa cokalin gini ba. Aikina in haƙo jar ƙasa da diga, in zuba mata ruwa da ciyawa, in shiga in tattake ta da ƙafa har dunduniyata ta tsage. A bar ta ta kwana uku, a sake tattakewa. In na ce ta yi, sai ya ɗebo ya shinshina, ya ce, "Ba ta nuna ba, koma." Daga nan aka ƙara mini matsayi, na koma mai jefa tubali sama, shi yana kan katanga yana cafewa. Ka jefa da ƙarfi ka sha zagi, ka jefa a sanyaye tubali ya dawo maka a ka. Sai a shekara ta huɗu ya fara nuna mini dutse. Ƙasarmu ta duwatsu ce, da dutse muke fitar da harsashi, kuma kowane dutse yana da fuska yana da mazauni. In ka ɗora shi ba a kan mazauninsa ba, Malam Tanko ba zai ce maka uffan ba, sai ka yi layi uku kana jin kai ne, sannan ya zo ya sa ƙafa ya ture duka. Ku a yi muku haka sau ɗaya, ai sai ku tattara ku tafi acaɓa.

Unguwar da nake ba ku labari a bakin gari take, mutane suna ce mata Layin Alhazai. Ba ta da girma, gidajen ba su kai talatin ba, amma duk wanda ke ciki yana da abin hannunsa. Fatake ne na hatsi da gyaɗa da shanu. Su sayi kaya a ƙauyukan Gwiwa da Roni, su kai Babura, su tsallaka iyaka, su dawo da sefa cike da aljihun babbar riga. Kuma gidajen cike suke da mutane. Gida ɗaya za ka sami maigida da iyalinsa da ƙannensa da 'ya'yan 'yan'uwa, da baƙon da ya zo kwana biyu ya shekara. Da safe in yara suka fito za su makaranta, mai keke sai ya sauka ya tura. Ta kowace katanga ƙamshin ƙosai ko ƙuli-ƙuli ke fitowa, don matan ma ba zaune suke ba. Mu magina ba ma rasa aiki a layin nan, yau a ƙara ɗaki, gobe a ja katanga, jibi a fitar wa amarya da sashe.

Ranar da za a fitar da harsashin zauren, Malam Tanko bai zo da abin awo ba. Ya ce wa Alhaji Bawa, "Alhaji, mutum nawa ke sa hannu a kwanonka da rana?"

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Wa ya ƙirga, Tanko? Wanda Allah ya kawo."

Sai Malam Tanko ya sa aka fito da tabarmi aka shimfiɗa a filin, ya ce mu jira azahar. Da aka sauko daga masallaci mutane suka zo suka zazzauna yadda suka saba, aka kawo abinci. Shi yana tsaye yana kallo. Da aka gama, kafin kowa ya tashi, ya zagaye su yana jan layi a ƙasa da ƙafarsa, ya ƙara taku biyu ta kowane gefe, ya ce, "Wannan na baƙo ne." A kan layin nan muka haƙa. Haka ake auna zaure, da mutanen da za su zauna a cikinsa.

Wata biyu muka yi a kansa. Dutse har gwiwa, daga nan tubali, kaurin bango kamu biyu, aka rufe da azarar giginya. Ƙofa ta kalli hanya, dakali hagu da dama. Ko rana ta take, ka shiga ciki sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. An sa ƙyaure, amma ban taɓa ganinsa a rufe da rana ba. Da yawanku ba ku taso kun ga zaure yana aikinsa ba, to bari in gaya muku: wuri ne da ba a neman izinin shiga. Ka yi sallama, ka tuɓe takalmi, ka sami gefe ka zauna, ko kai waye.

Alhaji Bawa yana da 'ya'ya maza shida, ya sa su duka a boko, suka kuma yi karatu ba na wasa ba. Lokacin da suka fara isa aure Malam Tanko ya rasu, ni nake riƙe da aikin gidan. Duk wanda za a yi wa mata sai Alhaji ya aiko a kira ni. "Haladu, a fitar wa Mansur da sashensa." Mansur shi ne babba. Ciki da falo, madafa, banɗaki, na bulo da siminti. Na yi masa, na yi wa mai bi masa, na yi har biyar. Wallahi babu ɗaya da aka yi wata guda cur a cikinsa. A ɗaura aure, a kawo amarya, a yi mako biyu, a loda akwatuna a mota, wannan Abuja, wancan Kano, wancan Dutse, ɗaya ma ƙasar waje. Da zan fara na biyar na ce, "Alhaji, ga huɗu can a kulle gara tana cin ƙofofi, a gyara ɗaya mana."

Ya ɓata rai. "Kai magini ne ko mai ba da shawara? Za su dawo. Ina ka taɓa jin ɗa ya yi aure ba shi da ɗaki a gidan ubansa?"

Na je na kwaɓa siminti.

Ba gidansa kaɗai ba, layin gaba ɗaya haka ya koma. Ni da nake shiga gida-gida da cokali, da idona na ga abin: kuɗi yana ƙaruwa, mutane suna raguwa. 'Ya'yan sun ninka iyayen arziki, wannan babban ma'aikaci, wancan ɗan kwangila, wancan likita. Aike yana zuwa ta waya, a ce a ɗora bene, a sa tayil, a haƙa burtsatse, a jera sola a kan rufi. Mu yi. In mun gama a kulle a ba maigadi makulli. Akwai gidan da na yi wa banɗaki takwas, kuma tsohuwa ɗaya ce a ciki da mai dafa mata abinci. Ita kuwa da bokiti take wanka a bayan madafa, don ta ce santsin tayil ɗin zai karya ta. 'Yan matan layin duk an aurar da su birni. Jikokin kuwa, wanda ya haifi uku shi ne mai yawa, can aka haife su, can aka raɗa musu suna. In an kawo su da Sallah ba su san gidan da ke jikin nasu ba, sai su maƙale a mota suna jiran a koma. Na rantse muku an yi shekaru ban ji an yi taron suna a Layin Alhazai ba, amma zaman makoki kam ba a daɗewa ba a yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ɗakunan nan da na gina suna kulle, ga samarin gari suna neman inda za su sa amarya sun rasa. A ba da haya? Ina! Wai abin kunya ne a ce gidan Alhaji wane da 'yan haya a ciki. A sayar? Wa zai saya? Fili a layin ya yi tsadar da in ba irinsu ba babu mai tunkara. 'Ya'yana da aka haifa a garin nan sai bayan dutse suka samu, inda ko ruwa babu. Ƙadangaru su kwana a kan tayil, 'ya'yan mutane su cushe su bakwai a ɗaki ɗaya! Masallacin layin, wanda a da sai an shimfiɗa tabarmi a waje, ya koma sahu ɗaya, rabinsa masu gadi.

Zaurukan layin kuma aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana rushewa ana sa get, yawanci bayan maigidan ya rasu. Na Alhaji Bawa ne ya rage, don shi yana raye. Matarsa Hajiya ta riga shi rasuwa, idonsa ya yi rauni, tafiya sai da sanda. 'Ya'yan ba su yar da shi ba, kada in ɗauki alhakinsu. Abinci, magani, sutura, babu abin da ya nema ya rasa. Sun ma taɓa ɗauke shi zuwa Abuja, ya yi mako biyu ya ce in ba a mayar da shi ba zai tako da ƙafa. Zauren nan ne ke riƙe da shi. Da hantsi a shimfiɗa masa buzu, ya zauna, mutane su zo su same shi. Akwai Jauro, wani Bafulatani da ya yi shekaru yana yi masa kiwo, duk Juma'a sai ya tako daga ruga da gorar madara. Akwai Malam Yohanna, tsohon malamin makaranta, mutumin kudancin Kaduna da ya zauna a garin nan tun yana saurayi, shi ya koyar da su Mansur. Kullum bayan la'asar yana nan da rediyonsa suna musu a kan labaran duniya. 'Yan acaɓa su fake wa rana a dakali. Sauran tsofaffin layin su lallaɓo daga bayan get ɗinsu su zo. In aka ɗauke masa zauren nan an ɗauke masa mutane, duk wanda ya san shi ya san haka. Ni na fi kowa sani.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, wadda kaya suka yi tashin da kowa ya ɗora hannu a ka. Siminti ya gagari talaka. Wanda ya fara gini ya tsaya a linta, wanda bai fara ba ya ce a ci abinci tukuna. Wata huɗu cokalina yana rataye har ya yi tsatsa. Na sayar da baro, matata ta sayar da awakinta biyu, gidana ya koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana. Da furfurata na je ina tambaya ko akwai mai neman ɗan ɗibar yashi. Ba don ku tausaya mini nake faɗa ba, don ku san da wace ƙafa na shiga abin ne.

Ana cikin haka Mansur ya zo gari ya aiko a kira ni. Yaron da na sani yana yawo ba wando yana ɓata mini yashi, yanzu sai na rusuna na ce masa Yallaɓai. Na same shi tsaye a ƙofar gida da wani matashi mai zanen gine-gine da ya ɗauko daga Kano. Matashin ya miƙo mini ƙatuwar waya da hoton yadda gidan zai koma: doguwar katanga, baƙin get, furanni. Na duba, na sake dubawa.

Na ce, "Yallaɓai, ina zauren?"

Ya ce, "Shi za a cire, Malam Haladu. Mota ba ta shiga gidan nan. In na zo sai in bar ta a waje a yi ta karce mini ita. Ga ɓarayi sun yi yawa."

Na ce, "In don mota ne, ga turken awaki can ta gefe babu komai a ciki. In fasa maka get a can, mota uku ma ta shiga. A bar wa Alhaji zaurensa."

Mai zanen ya yi murmushi irin na wanda ke magana da jahili. Wai zaure tsohon yayi ne, yana ɓata fuskar gida. Fuskar gida! Mutumin da hannunsa ko ƙurar siminti bai sani ba, shi zai gaya mini fuskar gida.

Mansur ya ce, "Kuma Baba yana buƙatar hutu. Kowa da kowa sai ya faɗo masa, a cinye masa abinci, a dame shi da surutu. Likita ya ce ya huta."

Na ce, "An gaya wa Alhaji?"

Ya kau da kai. "An gaya masa za a yi gyara. Gobe zan tafi da shi Kano a duba masa ido, zai yi mako uku. Kafin ya dawo nake so a gama. In ba za ka iya ba ka gaya mini, akwai masu yi a Kano. Na dai ga kai ne na gida."

Na san ƙarya aka shirya wa tsohon nan. Na san da Malam Tanko ne zai tofar da yawu ya juya. Ni kuwa na tuna tukunyar gidana, na ce wa raina ko na ƙi wani zai yi, gara ni in yi a hankali. Ku kiyayi wannan maganar, da ita kowane magini yake lallashin kansa ya yi aikin da zai ji kunyarsa. Na ce, "Allah ya kai mu goben, Yallaɓai."

Rushe gini ma aiki ne, ba hauka ba. Daga sama ake farawa. Muka kwashe ƙasar rufin da shebur, muka zare azara ɗaya bayan ɗaya. Duk tsawon shekarun nan ko ɗaya gara ba ta taɓa ba, ka buga ta ta yi ƙara kamar ƙarfe. Mai zanen ya ce a kai su bayan gida a yi girki da su. Bangon kuwa ya ƙi. Lebura huɗu majiya ƙarfi, diga tana sauka tana dawowa, kwana uku muna fama da abin da aka ce tsohon yayi ne. A can sama ta ciki na tarar da sawun yatsun Malam Tanko a jikin yaɓe, guda huɗu a jere, yadda yake shafawa in ya gama. Na ce wa leburorin su je su sha ruwa. Ni na sa wa wurin diga da kaina, ina zagin Mansur, ina zagin mai zane, ina zagin siminti da wanda ya ƙara masa kuɗi, amma hannun da ke saran nawa ne. Malam Yohanna ya zo wucewa ya tsaya, ya ce, "Haladu, kai ne?" Na ce masa aiki aka ba ni. Ya girgiza kai ya wuce.

Muka ja katanga, bulo goma sha huɗu a tsaye, aka ɗora waya mai ƙaya, aka kafa get. Aiki ya yi kyau, ba zan yi muku ƙarya ba, ko zare kuka ja ba za ku sami karkata ba. Don in rage wa kaina zafi na ɗauki ragowar bulo na yi ɗan dakali a waje gefen get, na mutum uku. Ko bushewa bai yi ba mai zanen ya ɗauki hoto ya tura. Mansur ya kira ni. "Malam Haladu, wa ya sa ka? Zaman banzan nan muke so a daina. A cire, furanni za a shuka." Na cire. Aka shuka furanni, awakin gari suka cinye su a kwana biyu.

Ranar da aka dawo da Alhaji ban tsaya ba. Ina jin an ce mota ta taso daga Kano na tattara kayana na gudu, ni da girmana. Abin da ya faru daga bakin Malam Yohanna na ji, don shi ya je taryarsa. Mota ta shige har tsakar gida, aka rufe get, aka fito da Alhaji. Ya ce a kai shi zaure ya sha iska. Babu wanda ya kama hannunsa. Ya kama hanya da kansa da sanda, ya je ya ci karo da bango, ya bi shi yana shafawa tun daga wannan kusurwa har waccan. Mansur ya ce masa ma'aikata ne aka kawo daga Kano, sun ce zauren ya tsage zai faɗo wa mutane. Alhaji ya ce, "Ai na san baƙi ne. Da Haladu aka kira da bai yarda ba."

A bakin kasuwa Malam Yohanna ya gaya mini wannan. Ya dube ni ya ce, "Babu wanda ya iya gaya masa gaskiya a cikinmu. Ba don kai ba, don shi." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka kawo maigadi, wani bawan Allah daga nesa da bai san kowa ba. Ba laifinsa ba ne, abin da aka gaya masa yake yi: duk wanda ya zo sai an kira Mansur a Abuja. Juma'ar farko Jauro ya zo da gorarsa, ya tsaya yana neman inda zai yi sallama. Wa ake yi wa sallama a jikin ƙarfe? Ya ƙwanƙwasa da sanda. Maigadi ya leƙo ta 'yar taga ya ce wa yake nema, me ya kawo shi, ya jira a kira. Waya ba ta shiga ba. Dattijon da ya riƙe wa Alhaji shanu tun su Mansur suna goye ya tsaya a rana kamar wanda ya zo roƙo, sannan ya ajiye gorar a ƙasa ya juya. Kun san Bafulatani da kunya, bai sake tako layin ba. Malam Yohanna an sa shi cikin waɗanda za a riƙa bari, ya daure wata biyu, amma ya ce zama a falo a kan kujera mai laushi, ƙofa a rufe, ba hira ba ce, dubiya ce. Ya rage zuwa, daga baya ciwon ƙafa ya hana shi. 'Yan acaɓa suka koma gindin bishiya. Sauran tsofaffin kowa ya zauna a bayan nasa ƙarfen.

Alhaji ya fara fita da kansa neman mutane. Rannan ya faɗa kwalbati ya gurje ƙafa. Daga nan umarni ya zo daga Abuja, in maigadi zai fita ya sa kwaɗo ta waje. Kun ji? Mutumin da ya ciyar da rabin garin nan, a kulle shi ta waje kamar shagon da mai shi ya tafi kasuwa. Wai don lafiyarsa! Ni kuwa na daina bin layin, ko aiki ne ya kai ni wajen sai in zagaya. Kusan shekara guda ina wannan zagayen.

Rannan aka kira ni gyaran wata katanga da damina ta tsaga a can ƙarshen layin, babu hanyar zagaye. Bayan azahar ne, layin shiru ko kaza babu. Na zo daidai get ɗin ina sauri, sai na ji ana buga ƙarfen ta ciki da sanda, a hankali. Kwaɗo yana rataye ta waje, maigadi ya tafi sayen abinci.

"Wa ke wucewa? Bawan Allah, wane ne?"

Da na yi shiru na wuce babu wanda zai sani. Ƙafata ta ƙi. Na ce, "Salamu alaikum, Alhaji. Barka da rana."

"Haladu! Haladu ne! Ina ka shiga, ɗan nan? Sau nawa ina aikawa a nemo ka, a ce mini ka tafi aiki Babura. Shigo, shigo mana."

Na ce, "A kulle yake, ranka ya daɗe. Maigadi ya fita."

"To matso kusa. Ka ga abin da mutanen Kano suka yi mini? Ka ga aikin marasa tsoron Allah? Zauren da kuka gina kai da Tanko, wai ya tsage. Kai ka sani, Haladu, ya tsage?"

"Bai tsage ba, Alhaji."

"Yawwa! Haka na gaya musu. To ji nan." Ya rage murya, ina jin numfashinsa a jikin ƙarfen. "Ina da 'yan shanuna a wajen Jauro, ba na yaran nan ba ne, nawa ne. A sayar da biyu. Ka zo ka fasa mini nan ka mayar mini da shi, ko ƙarami ne, ko na mutum biyar. Kai kaɗai na yarda da kai."

Ina iya cewa to, in Allah ya yarda, in yi tafiyata ya ci gaba da jira. Haka kowa ke yi masa. Raina ya ɓaci, na gaji da ƙaryar nan, tasu da tawa.

Na ce, "Alhaji, ba mutanen Kano ba ne. Ni ne. Ni na zare azarar, ni na sa diga, ni na ja katangar nan."

Na jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Na ce, "Yunwa ce, Alhaji. Ka yafe mini." Can sai na ji sandar tana taɓa tayil, tana yin nisa, har na daina ji.

Ban tafi aikin ba. Na zauna a ƙasa cikin rana har maigadi ya dawo. Na ce ya kira Abuja. Ya kira, aka yi sa'a ta shiga, Mansur ya ce ai Malam Haladu na gida ne, a bar shi ya shiga. Maigadi ya buɗe kwaɗo, ya ce in dakata ya sanar da Alhaji. Ya jima a ciki, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Baba, ka yi haƙuri. Ya ce kada in buɗe maka."

Bai ƙara wata uku ba Allah ya karɓi abinsa. 'Ya'yan suka zo da motoci har layin ya cika, aka wangale get ɗin kowa yana shiga. Ya haura shekara tamanin a duniya, ɓarawo da mahaukaci da wanda ya cuce shi a kasuwa duk sun zauna sun ci a zaurensa. Ni kaɗai ne mutumin da Alhaji Bawa ya taɓa cewa kada a buɗe wa ƙofa.